Na Sayar da Makwancin Inna

Kafin in zama abin nuni da baki, ni ɗan mutunci ne a garinmu, wani ƙaramin gari a gefen birnin Sakkwato. Ba zan faɗi sunansa ba, kunyar da na ja wa mutanensa ta ishe su. Mahaifina malamin zaure ne. Da ya rasu aka binne shi a gabashin maƙabarta, gindin wata aduwa, daidai inda kaburbura suka ƙare. Daga nan fili ne fetal, wanda gari ya ware tun zamanin kakanni saboda masu mutuwa nan gaba.

Lokacin ban daɗe da samun aiki a sashen filaye na ƙaramar hukuma ba. Bayan an watse daga zaman makoki, mahaifiyata ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "In ta Allah ta kasance, kusa ga Malam nika son a aje ni. Kai ad da aikin hukuma, ka tsare min wurin ga." Na ce mata an gama. Iyakar abin da Inna ta taɓa roƙona ke nan a duniya.

Aikina jan tef ɗin awo ne a bayan safiyo, da kafa duwatsun siminti da ke nuna iyakar fili. Ofishinmu kuwa, wanda bai sani ba sai ya ɗauka ana aiki. Ciyaman ba ya leƙowa sai kason wata ya sauka. Kwamitin tsara gari kan zauna, a ci kaji, a sha lemo, a zana taswira mai kyau: nan makaranta, nan kasuwa, nan asibiti, nan ƙarin maƙabarta. Sai a rataye ta a bayan kujerar Oga, shugaban sashenmu, ƙudaje su ci gaba da yi mata ado. Ban taɓa ganin wanda ya miƙe ya duba ta don Allah ba.

Da buhun shinkafa na fara. Wani mai fuloti da ya yi iyaka da filin maƙabarta ya roƙe ni in ɗan matsar masa da dutse, wai zai fitar da zaure. Da damina ne, ciyawa ta rufe komai. Na tone dutsen, na kai shi gaba kaɗan, na maida ƙasa. Ku sani ban taɓa yin sata da dare ba. Da rana tsaka nake yi, da rigar ofis a jikina, masu wucewa suna yi mini sannu da aiki. A garinmu ba a tambayar mutumin da ke riƙe da tef.

Oga ya gano. Na shiga ofishinsa ina jiran takardar kora. Sai ya tura ƙofa ya ce, "Kai wawa na. Abin da za a yanka fulotai shi kaka badawa don shinkahwa? Mamaci ba shi kai ƙara." Daga ranar muka zama abokan ci.

Birni yana ta matsowa. Mutanen da unguwannin Mabera da Gawon Nama suka yi wa tsada suka riƙa zuwa neman fili a wurinmu. Kowace damina duwatsu sukan yi tafiya, da rani mu yanka abin da suka bari a baya, Oga ya buga hatimi. Kada wanda ya saya ya ce bai sani ba. Alhazai ne da carbi a hannu, suna hango kaburbura daga inda suke tsaye, tambayarsu ɗaya ce, ko za a yi musu ragi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ni kuma na sayi babur, na soma ɗinka shadda, na koyi amsa gaisuwa da kai. Ina ganin kaina wani babba, alhali kare ne ni da ake jefa wa ƙashi.

Duk sanda na shiga gaishe da Inna sai ta tambaya, "Wurina na nan?" In ce yana nan. Ta sa mini albarka, in fita da albarkar in je in ja tef.

A ƙarshe awo ya kai gindin aduwa. Ni na riƙe bakin tef ɗin. Kaburburanmu ba a rubuta musu suna, ruwan shekaru kuma ya baje su, don haka na ce wa zuciyata ai Malam yana ta ɗaya gefen. Na san ƙarya nake yi. Wanda ya sayi wurin ya sare bishiyar, ya kawo leburori su haƙa harsashin shaguna. Ba su yi nisa ba diga ta fito da ƙasusuwan mutane.

Gari ya tashi. Liman ya ja jama'a har sakatariya. A gabansu Oga ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya ce, "Wanga yaron shi ɗai ya san abin da shika yi." Da aka kafa kwamitin bincike, Oga aka ba sakatare. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, sai dai a ƙaramar hukuma ƙaramin tsuntsu kaɗai ke jiƙewa.

Kafin 'yan sanda su zo na shiga wurin Inna. Labari ya riga ni. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Wurina hwa?" Na durƙusa a gabanta. Ta ce, "Ashe har da ubanka ka saida. Tahi, Allah shi shirye ka." Da ta tsine mini da ya fi mini sauƙi.

Alƙali ya ɗaure ni. Ina gidan yari Inna ta rasu, wani gandiroba ya gaya mini yana sakace. Tsohuwar maƙabarta ta cika, filin kuma yana gaban kotu, ba a taɓa shi. Sai aka ɗauke ta a bayan a-kori-kura zuwa wani ƙauye ta wajen Kwalkwalawa, aka binne ta cikin mutanen da ba ta taɓa sani ba.

Da aka sake ni can na fara zuwa. Mai tonon kabari ya yi ta dube-dube, sannan ya nuna da haɓa ya ce, "Cikin layin ga dai take, ban iya ce maka wanne." Na bi layin kaf ina addu'a a kan kowane tudu. A hanyar dawowa Oga ya wuce ni a sabuwar mota, an ƙara masa girma. Har ya ɗaga mini hannu, mara kunya.

Na tuba, ina roƙon Allah gafara, yanzu bulo nake bugawa ina ci da gumina. Amma tuba ba ta ɗauko kabari ta maido shi. Ku samarin da ke rububin aikin ƙaramar hukuma, ku ji daga bakin wanda ya ɗanɗana. Ranar da wani ya ce ku ɗan matsar da dutse, ko babba ya tura ƙofa ya ce babu mai kai ƙara, ku tashi ku bar masa ofishinsa. Abin da gari ya ware na kowa ne, kuma a cikin kowan nan akwai uwarku. Ni tawa abu guda ta roƙe ni, wurin kwanciya, kuma da hannuna na auna shi na sayar.