Irin Kuɓewar Inna

Duk shekarun da na yi a Montreuil, gefen Paris, ban mallaki ƙasa ko faɗin tabarma ba. A hawa na biyar muke, shukarmu ba ta wuce na'ana'a cikin gwangwani ba. Shi ya sa ƙullin irin kuɓewar da Inna ta ba ni a zuwana Damagaram na ƙarshe kafin rasuwarta ya yi ta zama a akwati, ɗaure cikin tsumman atamfa. Gajera ce mai kauri, wadda Inna ta gada wurin tata uwar. Garkar gidanmu kuwa an gine ta, babu wanda ya adana irin sai ni.

Da aiki ya mai da mu Lyon, muka sami gida a Rillieux mai ɗan fili a baya. Wata rana cikin Maris ruwa ya wuni yana zuba. Na dawo daga biro, wato ofis, na tsuguna da tufafin aikina, na nutsa hannu a ƙasa, danshi ya kai wuyan hannu. A garinmu wannan shi ne ruwan shuka, kuma a irin wannan rana mahaifinmu ba ya barin kowa zaune. Na ɗauko ƙullin, na sara ramuka, ina zubawa ina rufewa da diddige. Ban tambayi kowa ba. Har yau ina mamakin kaina: mutumin da kullum yake duba yanayi a waya kafin ya zaɓi riga, bai tuna cewa iri ma yana jin sanyi ba.

Maƙwabcinmu wani dattijo ne ɗan Tawa, wanda ya ƙare ƙarfinsa a masana'antun Saint-Fons. Ya leƙo ta shinge, muka gaisa.

"Malam, me ka binne nan?"

"Kuɓewa ce, Baba Alhaji. Ruwan shuka ya samu."

Ya yi dariya har da tari. "Kai, mutanen Damagaram! Duk karatun nan? Nan ƙasar ruwa ba ya yankewa, ɗumi ake jira. Mai da hannunka ka ji."

Na mayar. Ƙasar sanyi ƙarara, kamar gindin randa.

Sati uku babu abin da ya fito. Da na tona, irin ya ruɓe. Na daɗe tsugune, ina jin kamar yau aka yi mini rasuwar.

Sai ga maiɗakina ta fito daga madafa da 'yar kwalbar magani a hannu.

"Malam, a gidanku ba a rage na maimai?" in ji ta. "Da na ga ka shigo da gaggawa ranar nan, kana neman fartanya, na ɗebi wannan."

Ƙwaya goma sha ɗaya ce. Inna ba ta taɓa ƙarar da iri a shuka ɗaya ba, takan rage na sakewa idan ruwa ya yaudare mu. Na riƙe al'adar mahaifina, na manta tata.

Wannan karon na bi Alhaji. Muka jiƙa ƙwayoyin a ruwan ɗumi, muka shuka su cikin robobin nono a bakin tagar madafa. Ya hana a kai su waje sai tsakiyar Mayu ta wuce. Irin ya tsufa, huɗu kaɗai suka tsiro. Ranar dashe ban duba sama ba, tafin hannu na shimfiɗa a ƙasa, na ji ɗuminta.

Yanzu sun kai gwiwa, ɗaya ta yi fure. Maiɗakina ta fara zancen miya, na roƙe ta haƙurin shekara guda. 'Ya'yan bana a jikin kara za su bushe, mu raba irin uku: na shuka, na maimai, da na Alhaji.