Ƙotar da Ta Goge ta Gefen Dama

Shekarunsa sittin da takwas, kafinta ne, yana da mata, 'ya'ya biyar da bindiga ɗaya mai lasisi. Da kujeru da ƙofofi yake ciyar da gida, amma maharba sun fi saninsa da gyaran ƙotar bindiga, wato katakon da ake dafawa a kafaɗa. Shi ma ya yi harbi a zamaninsa. Da yanar ido ta rufe masa idon dama sai ya rataye bindigar a bayan ƙofar ɗakinsa.

Bana, masara na fitar da gemu, ya sauko da ita don ya sabunta ƙotar. Ya kwance ƙarfen, ya bi katakon da yatsa kamar yadda ya saba. Gefen hagu ya dushe, nan kuncinsa ya yi shekaru yana kwanciya. Amma gefen dama ma ya goge, sabuwar gogewa mai maiƙo, kuma mai harbi da dama ba ya taɓa wurin. Ke nan wani bahago yana ɗaukar bindigar. Ya shinshina bakinta, babu warin albarushi.

"Wannan ya fi tayar mini da hankali," in ji shi. "Maharbi harbi yake yi. Mai nuna bindiga bai harba ba, mutane yake tsoratarwa."

Bahago ɗaya ya sani a gidan, Autansa mai haya da babur, wanda ya yi sabbin abokai masu baƙin tabarau da ba sa gaishe da kowa. Kafinta ya ƙudura a ransa, in shi ne, bindiga ta tafi hannun 'yan sanda, Auta kuma ya bar masa gida. Bai tambaye shi ba, don ya san amsar da zai samu.

Ya kankare tsohon fenti da fasasshiyar kwalba. Inda katakon ya lotsa ya ɗora jiƙaƙƙen tsumma, ya danna dutsen guga mai zafi har wurin ya taso. Tsagar da ke wuyan ƙotar ya cika ta da gam, ya ɗaure da robar taya. Da aka zo shafa mai ne ya saɓa wa ƙa'idarsa. Kullum kaɗan yake shafawa ya goge, wannan karon sai ya kwaɓa man da jan kala, ya lafta a gefen dama, ya bar shi haka. Irin wannan yana daɗewa bai bushe ba, sabulu kuma ba ya fitar da shi nan take. Ya mayar da bindigar bayan ƙofa.

Daga nan duk shigowar Auta sai ya tsare shi da idonsa mai gani.

"Juyo nan."

"Baba, lafiya? Ko mata ka samo mini kake duba fuskar?"

"Ɗaya gefen."

"Ƙuraje ne kawai, su ma gadonsu na yi."

Babu ko ɗigon jan kala a fuskar. Kafinta bai saki jiki ba, ya ce wataƙila ɗan banzan ya gane tarkon.

Ranar Talata da la'asar matarsa ta dawo daga gonarsu ta bayan gari, da naɗaɗɗiyar tabarma a hammata. Kuncinta na hagu ja wur, har gefen mayafi.

"Innar yara, me kika shafa?"

"Ni ma shi nake tambaya, Malam. Wane irin kafinta ne zai bar mai bai goge ba?"

Ta warware tabarmar, ga bindiga a ciki. Ta ce tun da ya daina zuwa gona birai suka raina ta. Ta yi ihu, ta yi jifa, suna zaune suna ɓare masara suna kallonta. Amma da ta ɗaga bindigar ta kai kafaɗa, sai ka nemi ko ɗaya ka rasa.

"Ai ke da dama kike komai."

"Da dama nake cin abinci, don an sha bugun hannun ina ƙarama. Shekara arba'in ba ka ga da wanne nake tsinke zare ba? Auta a wajen wa ya gado, maƙwabta?"

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Da ka hana."

Bai musa ba.

Har yau bai gaya wa Auta abin da ya zarge shi da shi ba, kuma masu baƙin tabarau ba su kwanta masa ba. Ya cire kunamar bindigar ya kulle a akwatin kayan aikinsa, tunda birai ba su san bambanci ba. Shekaranjiya ya wanke jan man, ya gwada ƙotar a kafaɗar matarsa, ya ga ta yi mata tsawo, ya rage faɗin yatsa biyu daga gindin.