Muryar Kakata a Situdiyo

Abin da ya rage mana na kakata Inna, wadda ta haifi Ummanmu, murya ce ta minti uku. Ni na ɗauke ta da wayar Umma a Taura, tana surfen gero tana waƙa, ba ta sani ba. Bayan rasuwarta, Umma kan manna wayar a kunne ta ce ba ta jin kalmomin sosai, ƙarar taɓarya da kukan awaki sun danne su.

Ina aji biyar na sakandare lokacin. Wata Asabar na zare memorin wayar ban gaya wa kowa ba, na tafi wani situdiyo a Yalwawa inda ake buga waƙoƙin biki. Ɗan ɗaki ne, an manne kwalayen ƙwai a bangonsa. Mai wurin ya sa memorin a kwamfuta, muryar ta fito a allo kamar matsefi mai karyayyun haƙora.

"Ƙanwata, ai kasuwar Jahun kika kwaso mini," ya ce yana dariya. "Zauna ki ga aiki."

Ya shafi wani yanki ya koma shuɗi, ya danna. Awakin suka ɓace, har na ji daɗi. Ya cire taɓaryar. Sai ya koma kan 'yan tudun da ke tsakanin baiti da baiti, inda take jan numfashi, yana yanke su ɗaya bayan ɗaya. Akwai wurin da ta yi tari ta ce "wash", shi ma ya tafi.

"Muryar tsohuwar na rawa," ya ce. Ya ɗora mata abin da suke miƙe wa mawaƙa murya da shi, ya ƙara amsa-kuwwa.

Na so in ce, Malam, ya isa haka. Sai dai na yi ta murza gefen hijabina.

"Na ɗora miki sabon a kan tsohon, kar su rikita ki," ya ce yana miƙo mini memorin.

Sai da na kai bakin titi na gane abin da ya faɗa: ya goge tsohon ke nan. Na koma da gudu. Ya duba ko'ina, ya ce ya riga ya rufe aikin, shi kuma ba ya tara shara a kwamfutarsa.

A gida Umma ta saurara har ƙarshe. Kowace kalma ta fito tar, da muryar wata budurwa da ba mu sani ba. Ta miƙo mini wayar.

"To, yanzu sa mini ta Inna."

Na karɓa, na sunkuyar da kai ina danne-danne kamar mai nema.