Direban Tashar Ƙarshe da Agwagwa Mai Farin Ido

Hanyar bas ɗinsa a bakin tafki take ƙarewa. Nan yakan kashe inji ya jira fasinja, ya zauna kan wata tsohuwar taya yana kallon ruwa. Haka ya yi ta yi har furfura ta cika masa gemu, abokan aiki suka laƙaba masa Sarkin Agwagi, shi kuwa yana amsawa da fara'a.

Da farko duk agwagin daji ɗaya ne a idonsa. Sannu a hankali ya lura yawancinsu kai kawai suke tsomawa, wutsiya a sama. Amma akwai wata mai kalar baƙin shayi, fari fat a ƙarƙashin wutsiyarta, wadda takan nutse ɗungurungum ta ɓullo can gaba da ciyawa a baki. Ba ta son sarari, cikin bado da dogayen ciyayi take zama. In za ta tashi kuwa sai ta ɗan yi gudu a kan ruwa, kamar motar da ake turawa. Uwargidansa takan ce da ita ma ta iya nutso, da ta fi samun hirarsa.

Wata safiya ya hango ɗaya daga cikin masu nutson tana fafutuka cikin ragar kamun kifi. Ya naɗe wando, ya ɗauko filaya daga akwatin kayan gyara, ya shiga ruwa har ƙugu. Da ya tallabo ta sai ga ido fari ƙal. Ya gane namiji ne, don idon macen ruwan ƙasa ne. Ya datse zaren ya sake shi, ya koma sitiyari a jiƙe sharkaf, fasinja na ta dariya.

Ashe ragar ƙanin matarsa ce, masunci. Da yamma masuncin ya zo gidan direba yana huci. Direba ya bari ya huce, sannan ya bayyana masa cewa masu nutso ne raga ke kamawa, kuma a kusurwar badon nan suke kiwo.

"Yaya, ai kifin ma a nan yake."

"Tafkin duka naka ne. Kusurwar nan kaɗai nake roƙo."

Masunci ya yi ta gunaguni, amma ya janye ragarsa, sauran masunta ma suka bi sahu.

Bana ciwon gwiwa ya sa ya ajiye tuƙi. Yanzu fasinja ne, a kujerar gaba. In an isa sai ya tsaya bakin ruwa, hannu a baya kamar mai duba gonarsa, ga garke ya cika kusurwar, wasu na nutsewa wasu na ɓullowa. Duk fasinjan da ya tambaye shi labarin agwagin, motar dawowa takan tafi ta bar shi a nan yana sauraro.