Ƙwayar Ƙaiƙayi da Ƙwaryar Inna

Ku matso kusa, ba zan ɗaga murya ba, Inna na cikin ɗaki.

Inna uwar maigidana ce, Bafulatana daga wajen Jama'are. Tun da mantuwa ta kama ta, kullum da sassafe sai ta ɗauki ƙwarya ta nufi ƙofa, wai za ta tatsa. Shanun kuwa an sayar tun kafin a kawo ni Azare. Rannan a bakin titi aka tsinto ta, ko takalmi babu. Daga ranar makulli ya koma bakin zanina.

Ni da ma ba mai yawo ba ce. Amma zaman so daban, zaman gadi daban. Sunan jikar yayata ma a Katagum, saƙo na aika.

Sai ƙanin maigida ya kawo ƙwayar ƙaiƙayi daga kemis, wadda ake sha in an yi borin jini. Wai ya gani a waya ana gwada irinta kan kumburin ƙwaƙwalwa mai kawo mantuwa irin ta Inna.

Na ce, "Likitan waya, yaushe aka ba ka farar riga?"

Ya ce, "Ke dai ba ta, matar Yaya. Ko gadin ya yi miki daɗi?"

Muka ba ta. Ta yi barci har hantsi. Na leƙa maƙwabta, aka yi min kitso, na sha hira. Amma da ta farka sai ta ƙura min ido, ta tambaye ni da Fulatanci 'yar waye ni. Alhali ko ta manta kowa, ni "'yata" take ce min.

Da muka kai ta asibiti, likita ta ce abin da ke kawo ƙaiƙayi a fata, shi ne kuma ke taya ƙwaƙwalwa zama a farke. Wannan ƙwaya toshe shi take yi, ga tsoho sai ta ƙara ruɗa shi. Maganin da ake gwadawa wata hanya yake bi, ba a ma gama tabbatar da shi ba.

Muka daina. "'Yata" ta dawo, ƙwarya ma ta dawo.

Ragowar ƙwayar na nan saman kabad. Jibi za a kai autar ƙanwata ɗakin miji a Misau, ni na goya ta. In Inna ta farka ba ta gan ni ba, ba mai iya tare ta, sai in ta sha ta kwanta. Na ɗauko ƙwayar ɗazu, na ji ta ce, "'Yata, an tatsa?" Na mayar.

In ku ne, jibi ya za ku yi?