Dakta Ramlat da Haƙoran Liman Mika'ilu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Alhamis, 7 ga Agusta, 2025, labari ya iso ƙauyenmu da ke arewa da Minjibir cewa Allah ya karɓi ran Dakta Ramlat Khamisu, likitar haƙori kuma mai bincike, bayan jinyar ciwon hanta. Mutane suka ajiye fartanya a tsakiyar gero, suka nufo gida.

Ramlat, ke da kanki kin hana a yi miki ƙari, don haka zan faɗi iya abin da ya faru. Ba ke kika gano cewa ƙashi ya fi kama ƙarfe mai kaushi ba; masana sun riga ki. Naki aikin shi ne auna gwargwadon kaushin. Wanda haƙorinsa ya fita, ana dasa masa ɗan ƙarfen titaniyam mai zare a cikin muƙamuƙi, a ɗora sabon haƙori a kai. Shekaru kika yi kina zuba ƙwayoyin halittar ƙashi a kan faya-fayan ƙarfe, kina duba su a madubin ƙara girma. A kan mai santsi sai su dunƙule, ba su da wurin riƙo. A kan wanda aka fesa wa yashi aka wanke da sinadari sai su baje, su kafe, su fara gina ƙashi. In kaushin ya wuce kima kuma, ƙwayoyin cuta su sami maɓoya. Da na ce ban gane ba, kika ce, "Yaya, ka taɓa ganin magini ya yi yaɓe bai kakkarce bango ba?"

Mu a nan ta dalilin Liman Mika'ilu muka san darajar wannan aiki. San huɗa ne ya kaɗa kai ya zubar masa da haƙoran gaba na sama. Daga ranar harufa suka riƙa zille masa, iska na fita inda bai kamata ba. Mutumin da ya ba mu salla tun muna yara ya ja da baya, ya tura na'ibi gaba, ya ce ba zai tsaya gaban Allah yana ɓata karatu ba. 'Ya'yansa suka kai shi wani asibiti a birni, suka zaɓi ƙarfen da ya fi ƙyalli, domin a wurinmu haƙorin kirki shi ne mai walƙiya irin haƙorin Makka. Kafin kaka ƙarfen ya soma girgiɗi, aka cire shi, ya tafi da wani sashe na ƙashin.

Kika duba hoton muƙamuƙinsa, kika gaya masa gaskiya: ƙashin da ya rage na gwaji ɗaya ne, in wannan bai kama ba shi ke nan. Sannan kika nuna masa naki ƙarfen, toka-toka, ba ko sheƙi.

Ya juya shi a tafin hannu ya ce, "Ramlatu, mai ƙyallin ma ya gudu, sai wannan da ya yi kama da kusar tsohuwar ƙofa?"

Kika ce, "Baba Liman, ai ba baƙi za mu nuna wa ba. Ƙashinku ne zai zaɓa, shi kuwa ba shi da ido."

"To ko ɗan gogewa ba za a yi masa ba?"

"In na goge shi, sai ku ci gaba da bin na'ibi."

Ya yi dariya yana rufe baki da rawani, ya amince.

Watanni suka shuɗe. Kika hana shi goro, kika hana shi rake, kika sa Inna Tani, uwargidansa, ta zama 'yar sandansa. Duk zuwanki gida daga Kano, kafin ki cire takalmi a ɗakin mahaifiyarki sai kin biya kin duba dasashinsa. Ranar da kika ƙwanƙwasa ƙarfen ya amsa da sautin abin da ya kafe, ba ki yi shewa ba. Cewa kika yi, "Ya kama."

A Juma'ar da ta biyo bayan ɗora haƙoran, Liman ya wuce gaba. Da ya buɗe baki da Fatiha, kowane harafi ya fito daga mazauninsa, tsaf. Amin ɗin da masallaci ya amsa a ranar, masu awo a bakin kasuwa sun ji shi. Kina sahun mata, ciwo ya riga ya fara cin jikinki, ba wanda kika gaya wa. Ɗaliban da kika horar suna nan suna dasa irin wannan ƙarfe, Liman kuma har yau shi ke ba mu salla.

Ya Allah, Ramlat ta mayar da mai karanta LittafinKa kan karatunsa. Ka sanya mata lada a kowane harafi da zai furta. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka haɗa ta da salihan bayi a Aljannar Firdausi. Ga mahaifinta Malam Khamisu, da mahaifiyarta Hajiya Ummukulthum, da mijinta Jamil, da 'yarta Ihsan, muna miƙa ta'aziyyar gari baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ta bari, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Amin.