Kwalbar Fitsari a Gaban Suruki

Shekarar da na karɓi gonar shinkafa a bakin babban kanal, tsakanin Kura da Bunkure, ita ce shekarar da na fara ganin jini a ƙarshen fitsarina. Da safe ina koyarwa a firamare, da yamma in naɗe wando in shiga ruwa har gwiwa ina dashe. Na san tsargiya, amma a sanina ciwon yara ne masu wanka a kanal. Magidanci mai iyali kuwa in aka ji yana fitsarin jini, ciwon neman mata ake fara kawowa a rai. Ban taɓa bin wannan hanyar ba, duk da haka na kasa faɗa wa kowa, har mai ɗakina.

Abin da ya ƙara ɗaure ni, mai maganin gargajiyar ƙauyenmu surukina ne. Zaurensa cike yake da sassaƙe da saiwoyi da ɗaurin ganyen sabara, Fulani har daga rugage suke zuwa wajensa. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Da wane baki zan durƙusa in yi masa wannan bayanin?

Sai na tafi kasuwar Bunkure wajen wani mai tallan magani a mota. Na raɗa masa matsalata a kunne, ya ba ni jarkar jiƙo. Ban yi nisa ba na ji shi a lasifika yana cewa, "Ga wani bawan Allah mai farar hula can ya karɓi nasa, yau amarya za ta yi dariya." Na cire hular na cusa a aljihu, na ɓace cikin masu tumatir. Jiƙon kuwa bai tsinana mini komai ba sai zawo.

Da zafin mara ya ishe ni, na ji labarin wasu ma'aikatan lafiya sun zo asibitin Kura da sabuwar na'urar awo. Na zaɓi can ne saboda ba a san ni ba. Wata ma'aikaciya ta nuna mini waya ɗore a kan madubin awo, ta ce a cikinta akwai abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira. An koya mata da hotuna masu yawa har ta iya gane ƙwan tsutsa a ɗigon fitsari. Ta miƙo mini 'yar kwalba, ta nuna mini bayan gida.

Na fito da kwalbar a hannu, ana ganin jan abin da ke ciki tar. Sai ga dattawa zaune a kan tabarma a barandar asibitin, an baje ganyaye a gabansu, wani ma'aikaci yana ɗaukar hoton kowane ganye yana tambayar sunansa da amfaninsa. Ashe an gayyato masu maganin gargajiya su ma su koya wa na'urar tsirrai. Na tsakiyarsu surukina ne.

Babu hanyar kaucewa. Na durƙusa, na ɓoye kwalbar a bayana.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau, Malam. Ya mutanen gidan?"

Idonsa na kan wani reshen marke, bai ɗago ba. Ina cikin amsawa ma'aikaciyar ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, kawo kwalbar mana kar ta jima." Na miƙe na wuce ta gabansu da kwalbar a hannu.

Ba a daɗe ba wayar ta zagaye wasu 'yan ɗigo a hoton. Ma'aikaciyar ta duba da idonta ita ma, sannan ta ce, da muryar da duk barandar za ta ji, "Tsargiya ce. Kana shiga ruwan kanal, ko?" Suka auna tsayina, suka ba ni ƙwayoyi, suka ce in ci abinci kafin in sha.

Na so in sulale ta baya, amma ba zan bar surukina ya hau motar haya ba alhali ina da babur. Na jira suka tashi, na goyo shi. Mun wuce gonakin albasa. Sai da muka hau bakin kanal na ji muryarsa a ƙeyata.

"Malam, abin da suka ba ka, ka sha. Jiƙona yana kwantar da zafin mara, wannan na sani. Amma ƙwayayen tsutsar nan da yarinyar ta nuna mana a waya, ban san ko yana kashe su ba. Shi ya sa na kawo musu ganyen su duba."

Na ce, "To, Baba."

Can ya ƙara cewa, "Na lura da tafiyarka tun kafin girbi. Na so in yi maka magana, nauyi ya hana ni."

Na sauke shi a ƙofar zaurensa, na yi godiya kaina a ƙasa.

A gida na zauna na kwashe komai na faɗa wa mai ɗakina, ina ɗan dariyar yaƙe. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce ta daɗe tana ganin alamar jinin a wandunana in tana wanki, ta yi ta zargin abin da nake tsoron a zarge ni da shi, ta sha kuka a madafi ba ta bari na gani ba.

"Da ka faɗa mini tun farko, Malam, da ban ɗauki alhakinka ba," in ji ta.

Jinin ya ɗauke bayan na sha maganin, na sayi dogon takalmin roba na shiga ruwa. Amma na jima ban iya kallon fuskarta sosai in ta kawo mini abinci ba.